Makullin Ɗakin Taro

Shekara talatin da ɗaya makullin na wuyana,
a igiyar fatar da ubana ya murza.
Shi masinja ne. Ni ban zama komai ba
sai mai buɗe ƙofa da korar jemagu.

Labbo magini ya ɗora ɗakin nan
shekarar da gulbin Ka ya cinye kasuwa.
Da taku ya auna shi, ba da igiya ba,
ƙasa ta kwana tara a kwaɓe,
azara ta zo a bayan jakai.
Ɗaga kai, dubi gindin bakan can:
sawun yatsunsa ne, guda huɗu,
na biyar gatari ya riga mu.

Nan aka ƙirga kawunan kakanni don haraji,
wasu suka kwana a rumbu kada a gan su.
Nan aka tsaga mana lamba a damtse,
muna ihu, Hajo na cinikin ƙosai ta taga.
Nan Nomau, da furfurarsa, ya shiga ajin dare,
ya rubuta sunansa a bango da gawayi,
harafin farko a juye.
Yana nan. Na hana a shafe.
Akwatin zaɓe kuwa, sau nawa ya shigo?
Ya fita da nauyi,
mu mu koma gida sakayau.

Da ruwa ya sake zuwa, gida arba'in suka tare ciki.
Ige ta haihu bayan teburin magatakarda.
Ga yaron can yana gyaran babur,
Sa'idu aka raɗa masa,
amma Ɗantaro kowa ke kira.

Bara takarda ta zo da shuɗin hatimi:
a rushe, a jera shago goma sha biyu na bulo.
Ɗan kwangila ya ƙwanƙwasa bango da makullin mota,
ya ce, "Baba, wannan ai ƙasa ce."
Na ce, "Ni da kai ma ita ce."

Ba zan rufe ba, ɗakin ya gaji.
Gara ta ci azara uku, indararo ya karye,
kusurwar yamma ta tsage har akuya na leƙe.
Muka zauna cikinsa muna shari'arsa.
Rabin samari shago suke so,
ban ga laifinsu ba, aljihu bai san tarihi ba.
Sai Ɗantaro ya miƙe, hannu duk baƙin mai:
"Cibiyata na binne a nan.
Wanda zai rushe ya fara tono ta ya ba ni."
Aka yi dariya,
sannan aka yi shiru.

Bayan yankan shinkafa aka kira gayya.
Mata suka jiƙa makuba a tsofaffin tukwane,
yara suka tattake ƙasa har gwiwa.
Ashe ba mai tuna yadda ake ɗaurin guga!
Sai daga Bunza aka ɗauko wani tsoho a babur,
idonsa ya tafi, ya shafa bango da tafi,
yana faɗa, Kulu jikar Labbo na rubutawa
a littafin makarantarta.

Takardar ba a janye ta ba,
tana aljihun tebur, kyankyasai na karatu.
Damina ta zo, ta wuce.
Wuri ɗaya ke ɗiga, na ajiye masa kwano.

Jiya igiyar fata ta tsinke.
Na kai wa baduku, ya tambayi awon wuya.
Na ce ya yi ta da ɗan tsawo,
ban san wuyan wa za ta hau ba.